Abu Firan, Mutumin da Ya Auna Ciwo da Gashin Jaki

Duk wanda ya bi ta bayan masallacin Hillat Ɗanjuma bayan an idar da sallar asuba zai tarar da wani siririn dattijo tsugune a bakin kejin zomaye, hannayensa biyu cuse a hammata. Ba sanyi yake ji ba. Ɗumama su yake yi, domin tun da yake bai taɓa ɗaukar dabba da hannu mai sanyi ba. Zomayen bakwai ne, tantabarun ba su kai ashirin ba, amma kafin ya watsa musu ko ƙwayar dawa ɗaya sai ya daɗe yana kallonsu kawai: wane ne ya fito da gudu, wane ne ya maƙale a lungu, wane ne ke taka ƙasa da ƙafa huɗu, wane ne ke ɗosana ɗaya. Sai ya gama wannan kallo yake wanke kwanukan ruwa, ya kife su inda rana za ta fara sauka.

A daidai wannan lokaci Inna Talatu, matarsa, takan leƙo da jabana, wato gahawa, a hannu.

"Malam, jabana ta huce. Ko in kai wa zomayen su fara kurɓa?"

"Kai musu," yakan ce, bai ko waiwayo ba. "Su dai ba su taɓa yi mini gori ba."

Sunansa na yanka Abdussalami, amma in baƙo ya sauka daga motar Managil ya tambayi gidan Abdussalami sai an yi ta kallon juna. In ya ce Abu Firan, wato uban ɓeraye, ko makaho ya nuna masa ƙofa. Sunan ba don yabo aka raɗa shi ba. Shekara talatin da wani abu ke nan ana kiransa da shi ana ƙunshe dariya.

Shi ne na huɗu a ɗakin mahaifinsa, kuma hawasha ɗaya, wato gonar da hukumar noman Jazira ta nan Sudan ta yanka wa gidansu, ba ta ɗaukar maza huɗu. Saboda haka ya hau bayan lori ya tafi Madani neman abin yi. Ya fara da shara a jami'a. Ana nan sai aka nemi wanda zai kula da wani ɗaki a can bayan gine-gine, inda ake kiwon fararen ɓeraye masu jajayen idanu domin binciken likitoci. Duk leburorin suka noƙe. Shi ya karɓi makulli.

Labari bai kwana ba ya iso gida. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna yaƙi da ɓera a rumbu suka ji wai ɗansu na can birni yana dafa wa ɓera abinci, yana canza masa shimfiɗa. Duk sallar da ya zo gida, taubashinsa Sadisu ne ke fara tare shi. Sadisu shi ne basir ɗin garinmu, mai ɗori da kuma lalas, wato ƙona wurin ciwo da jan ƙarfe.

"Ya Abu Firan, sannu da hanya! Yaya iyali? Na gida nake nufi, ba masu wutsiya ba."

"Masu wutsiyar suna gaishe ka," shi kuma ya ce. "Sun ce in tambaye ka ko har yanzu gashin mutane kake yi da ransu."

Shekarunsa na farko a wannan ɗaki wanki ne da shara. Aikin ya canza ne da zuwan wata likita mai bincike, Dakta Najwa. Mahaifiyarta ta yi shekara tara tana kukan tafin ƙafarta na ci da wuta, alhali ba ƙurji ba kumburi, har ta rasu wasu daga cikin 'ya'yanta na ganin raki ne na tsufa. Abin da ya hana Dakta Najwa sakat ke nan: yaya za a yi rauni ya warke, ciwo ya ƙi tafiya?

Ga yadda suke yi, kamar yadda Baba Abdussalami ke bayarwa in an same shi cikin nishaɗi. A sa wa ɓera banj, maganin da ke sa barci mai nauyi, a tsaga cinyarsa kaɗan, a nemo wata farar jijiya mai kama da zare. Ba ta jini ba ce, ba kuma wadda ke jan gaɓa ba. Ita ce mai kai labarin ƙafa zuwa ga laka, lakar kuma ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. Sai a ɗaura mata zare sako-sako, a ɗinke. Cikin kwana goma wurin ya haɗe, gashi ya fara rufe tabon. In ka ga ɓeran sai ka rantse lafiyarsa ƙalau. Amma ka tsaya ka duba da kyau: ya naɗe yatsun wannan ƙafa, yana ɗaga ta, ba ya son ta taɓa wuri mai sanyi.

Ranar da ya fara ganin haka bai ci abincin rana ba. Ya sami Dakta Najwa a ofishinta, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Dakta, ni ban yi karatu ba. Amma wannan ba zalunci ba ne?"

Ba ta yi masa dariya ba, ba ta kuma kore shi ba. Ta ajiye alƙalami, ta kira shi ammu, wato baffa, ta ce, "Ammu Abdussalami, abu ne mai nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Ban san wata hanya da za mu ga abin da ke faruwa a cikin jijiya ba. Amma suna da haƙƙi a kanmu: kada mu taɓa ko ɗaya fiye da yadda ake buƙata, kada su kwana da yunwa ko ƙishirwa, wanda kuma abin ya yi wa yawa a hutar da shi. Ni ina aji, ina taro. Kai ne kake tare da su. Ka zama idona."

Ya ɗauki wannan magana a matsayin amana, ya riƙe ta har ranar ƙarshe.

Ita ta koya masa awo. Akwai wasu 'yan sanduna, kowanne da silin zare a bakinsa kamar gashi, daga mai laushi ƙwarai zuwa mai ɗan tauri. A sa ɓera a kan raga, a jira ya natsu, sannan a zura silin ta ƙasa a taɓa tafin ƙafarsa har silin ya lanƙwasa. Lafiyayyen ɓera ko a jikinsa. Wanda aka ɗaure wa jijiya kuwa, silin da ko ƙuda ba zai kora ba sai ya sa ya fizge ƙafa yana lasa kamar ya taka garwashi. Kuma Dakta Najwa ba ta taɓa gaya masa wanne aka yi wa aiki, wanne aka ba magani ba. Lamba ce kawai a wutsiya. Ta ce in ido ya sani, hannu zai yi ƙarya ba da niyya ba.

Ɗalibai masu manyan takardu sun zo sun wuce, da yawansu awon ya gagare su, don suna sauri, ɓera kuwa ba ya son mai sauri. Baba Abdussalami sai ya yi sa'a guda a tsugune yana jiran dabba ɗaya ta gama gyaran gashinta. An rubuta takardu da Turanci daga abin da hannunsa ya auna, an karanta su a ƙasashen da bai san sunansu ba. A ƙarshen guda ɗaya akwai layi ɗaya da aka gode masa. Tana nan cikin akwatin ƙarfensa, a naɗe cikin leda. Ba ya iya karanta ta, amma ya san inda sunansa yake.

In yana tuna wannan zamani muryarsa takan yi laushi. Yakan tuna ƙamshin sabon garin katako da ake shimfiɗa musu, da ƙarar fanka, da shayin ƙarfe goma da Dakta ke aiko masa, da yadda ɗakin gaba ɗaya ke motsi in an ji ƙarar makullinsa, don sun san takunsa. Yakan tuna wata mai lamba arba'in da ɗaya da ke hawa hannunsa ta kwanta a lanƙwasar gwiwar hannu.

Ba a yi masa walimar ajiye aiki ba. Yaƙi ne ya sallame shi. Da faɗa ya iso Madani kowa ya watse, wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe. Kwana huɗu yana ratsa unguwanni da jarka a kai yana kai musu ruwa. A rana ta biyar ya gane ba zai iya komowa ba. Farin ɓera bai san daji ba, in ka sake shi ka ba mage sadaka, in ka bar shi a keji ƙishirwa ta kashe shi a hankali. Akwai sauran banj a kabad. Ya ɗumama hannunsa, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya hutar da su. Daga nan ba ya ƙara komai a labarin, mu ma ba ma tambaya. Ya kulle ɗakin, ya sa makullin a aljihu, shi da Inna Talatu suka kamo hanyar gida, wani wuri a ƙasa, wani wuri a karo, keken jaki.

Ya dawo garin da ba a taɓa ɗaukar aikinsa a bakin komai ba. A majalisa yakan zauna can gefe. Da haka muka ci gaba da zama da shi, da ba don ƙafar Hamid ba.

Hamid ƙato ne, irin mutanen da in suka shiga layin yankan dawa na kusa da su ke jin kunya. Shekara biyu da suka wuce yana tsaye cikin taɓo yana buɗe wa hawasharsa ruwa, fartanya ta kuɓuce ta sare shi a gefen idon sawu. Aka ɗinke a Managil, cikin mako uku ya warke, tabon bai fi tsawon yatsa ba. Daga nan Hamid ya zama wani mutum. Ya daina sa takalmi a wannan ƙafa. Ya riƙa naɗe jallabiyarsa ta gefe ɗaya kamar mai shirin tsallake rafi, wai in bakin rigar ya shafi wurin ji yake kamar an watsa masa tafasasshen mai. Ruwan alwala ya gagare shi a ƙafar. Ruwan gona kuwa ko kusa.

Da farko an tausaya masa. Sadisu ya yi masa lalas sau biyu, abin ya ƙaru. Sai wata ranar kasuwa aka ga Hamid ya dawo da ƙatuwar ƙaya a cake a gefen wannan ƙafar, jini har ya bushe, shi kuwa bai ma sani ba sai da aka nuna masa. Shi ke nan magana ta tashi. Mutumin da ƙaya ba ta dame shi ba, shi ne bakin riga ke sa shi ihu?

Ga inda abin ya zama babba. A garinmu girbi da nafir ake yi, wato gayya: yau a gonar wannan, gobe a ta wancan. Dokar tun ta kakanni ce, kuma ba ta da wuya. Marar lafiya a yanke masa dawarsa ko bai ɗaga lauje ba. Wanda kuwa ya ƙi fita nafir uku da lafiyarsa, a tsallake gonarsa. A kakar bara Hamid ya rasa uku. Dawarsa ta nuna, zangarniya ta sunkuya, tsuntsaye sun gano ta. Shi da matarsa Fatsuma da 'ya'ya biyar ba su da wani abinci sai ita. Abin tambaya ɗaya ne: Hamid marar lafiya ne, ko rago ne?

Alhaji Lukman ne samad ɗinmu, shi ke tsara layin ruwa da layin nafir. Ba mugu ba ne, amma yana tsoron ranar da kowa zai ce ƙafarsa na ciwo. Ya tara maza bayan la'asar a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, kuma dattawa suka kawo shawarar da suke ganin ita ce adalci: mai ciwon gaske ba ya gudun wuta. In Hamid ya yarda a sa masa ƙarfe karo na uku, a kan tabon kansa, an yarda da shi. In ya ƙi, ya tona kansa.

Sadisu ya zo da karonsa, ya ɗaure jaki, ya hura gawayi, ya cusa ƙarfe. Hamid na zaune a tabarma, ƙafar a miƙe. Fatsuma na tsaye a bayan zana, ana hango ƙafafunta kawai.

"Hamid, ɗana," in ji Alhaji Lukman, "ba wanda ya ƙi ka. Amma ciwo shina da alama. Mi za mu gani mu ce mun gani?"

"Ba ni da abin da zan nuna muku, Alhaji." Hamid ya juya ga Sadisu. "Kawu Sadisu, sa wutar. In kun ga dama ku yanke ta gaba ɗaya, wallahi da na huta."

Sai aka ga Abu Firan ya miƙe daga gefensa. Ya nufi jakin Sadisu, ya shafa gadon bayansa, ya kama wutsiya ya tsinko gashi uku. Jakin ya kai harbi, saura kaɗan ya same shi. Majalisa ta fashe da dariya.

"Kai, ya zol, bawan Allah!" in ji Sadisu. "Ɓerayen sun ƙare, ka koma kan jakina?"

"Aro nake. In ya tsiro ka riƙe."

Ya tsinci karan dawa, ya tsaga bakinsa da farce, ya maƙala gashi ɗaya ya bar kamar tsawon yatsa a waje. Ya zo gaban samad ya tsuguna.

"Alhaji, a yi mini haƙuri, ƙarfen ya jira kaɗan, ba gudu zai yi ba. Rufe idonka, miƙo ƙafa."

Alhaji Lukman ya dubi jama'a, ya yi murmushin wanda ake wasa da shi, ya miƙa. Baba ya dangwala gashin a bayan ƙafarsa har ya lanƙwasa.

"Ka ji?"

"Ka taɓa ne?"

Aka sake yin dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, "To Alhaji, ba ni rawaninka." Ya naɗe idon Hamid da shi, ninki uku, ya ɗaure. Sannan ya miƙa wa Alhaji Lukman karan.

"In ni na yi, za a ce mun haɗa baki. Kai za ka yi. Ka taɓa inda ka so, lokacin da ka so. Ka yaudare shi in za ka iya. Ku kuma don Allah kowa ya kama bakinsa."

Alhaji Lukman ya fara da lafiyayyar ƙafar, ya dangwala sau uku. Hamid bai motsa ba. Sai ya koma kusa da mai tabon, ya riƙe karan a sama bai taɓa ba, ya daka tsawa: "Ga shi nan!"

Hamid ya ɗan karkata kai. "Ban ji komai ba, Alhaji."

Alhaji ya sake yin haka, Hamid ya sake ba shi amsa ɗaya. Sai ya ja da baya kamar ya haƙura, ya juya yana tambayar na kusa da shi ko an gyara ƙofar ruwa ta yamma. Yana cikin maganar, bai ko dubi ƙasa ba, ya sauke gashin a ƙasan tabon.

Waɗanda suka gani har yau ba sa son ba da labarin wannan ƙara. Ƙato kamar Hamid ya fizge ƙafa har ya kifar da butar da ke gefensa, zufa ta keto masa nan take, yatsun ƙafar suka naɗe. Alhaji Lukman ya dubi gashin da ke hannunsa kamar bai taɓa ganin gashi ba. Ya jira, ya sake gwadawa shiru. Hamid ya sake fizgewa. Ya yi na ƙarya, ba komai. Ya yi na gaske, haka. Zai sake, Baba ya riƙe masa hannu.

"Ya isa, Alhaji. Ko ɓera ba na wuce masa sau biyar."

Wani daga baya ya ce, "To ƙayar fa? Mun ga ƙaya da idonmu."

Baba ya karyo ƙaya daga shinge, ya nuna wa kowa, ya matsa ta a gefen ƙafar can wajen ƙaramin yatsa, tazarar yatsa uku daga inda gashi ya taɓa, har fatar ta lotsa. Hamid na ta haki, bai san ana yi ba.

"Jijiyar nan ɗan aike ce," in ji Baba, a hankali, kamar mai magana da zomayensa. "Aikinta ta kai labari sama: ga ruwa, ga riga, ga ƙaya. Fartanya ta sare ɗan aiken a hanya. Fata ta warke, shi bai warke ba. Wani saƙon ya yar da shi, shi ya sa ƙaya ta shiga ba a sani ba. Wani kuma, ko iska ce ta wuce, sai ya isa gida yana ihu gobara. Tun mutanen gidan, wato lakar baya, suna tantama, har suka saba, yanzu ko takunsa suka ji sai su ɗau kururuwa. Ku da kuka gudo daga Madani da Hasahisa, yau in ƙofa ta buga da ƙarfi ba kwa zabura? Ƙarya kuke yi?"

Akwai mutum fiye da goma a wurin da suka san wannan zabura.

"Ƙarfen Sadisu kuma ƙara dukan ɗan aiken ne. Ko an yanke ƙafar, sau da yawa ihun ba ya tsayawa, don ya riga ya koma can sama. Ni ba likita ba ne, mai wankin keji ne. Amma na ga wannan ƙafar sau ɗaruruwa, da naɗewar yatsun da komai. Alhaji, ɓera ba shi da hawasha. Ba ya gudun nafir. Ba wanda zai yanke masa dawa in ya yi raki. Amma haka yake ɗaga ƙafa."

Sadisu ne ya fara motsi. Ya ɗauki butar da ta kife, ya ga da sauran ruwa, ya juye a kan garwashin. Hayaƙi ya tashi.

Alhaji Lukman ya daɗe yana juya karan a hannunsa. Sannan ya ce, "Alhamis, hawashar Hamid. Kowa da laujensa. Wanda bai zo ba, ni zan zo in gwada shi da wannan." Ya juya ga Hamid, muryarsa ta sauka. "Ɗana, ka yafe mana. Kwance rawanin."

Hamid bai kwance ba. Ya riƙe shi da hannu biyu a fuskarsa, kafaɗunsa na rawa. Ƙafafun da ke bayan zana suka juya suka shige gida da sauri. Da aka mayar wa Alhaji rawaninsa, a jiƙe yake, kuma haka ya naɗa shi ya tafi magariba.

Ranar Alhamis mutum arba'in da uku suka shiga gonar, kafin azahar an gama.

Kada a ce mun ƙara gishiri: Hamid bai warke ba. Baba ya sami Dakta Najwa ta waya a ƙasar da take gudun hijira, ta yi masa bayanin abin da za su gaya wa likita, don maganin ciwon kai da na ciwon jiki ba su cika taɓa irin wannan ba, akwai wasu daban masu kwantar da jijiya. Shi ya raka Hamid asibitin Managil, ya tsaya a bayansa yana tuna masa abin da ya manta. Ya kuma koya masa shafa wurin da sabuwar auduga kowace safiya, kaɗan-kaɗan, don ɗan aiken ya sake sabawa da labarin alheri. Yau Hamid na cewa wutar ta ragu da rabi. Yana sa takalmin da aka yanke wa gefe. Ranar nafir yana zaune a inuwa yana wasa lauzuna, kuma ba mai yanka da dakusasshe.

Tun daga nan ƙofar Baba ba ta rabuwa da baƙi. Inna Hauwa, wadda haƙarƙarinta ke ƙuna shekara guda bayan wasu ƙuraje sun bushe. Masu ciwon sukari da tafin ƙafarsu ke zugi. Wani da ya baro hannunsa a yaƙi amma yatsun da babu su ke matse shi. Ba ya ba kowa magani. Yana saurare, ya gwada da gashinsa, ya ce, "Na yarda da kai," sannan ya gaya masa abin da zai faɗa a asibiti. Wasu sun ce tun daga wannan kalma suke jin sauƙi. Sadisu kansa yanzu ba ya hura gawayi sai ya turo mutum wurin taubashinsa tukuna, ko da yake yana ta ƙorafi a kasuwa wai wutsiyar jakinsa ta kusa zama ta ɓera.

Baba Abdussalami, kai ne ka tsuguna shekara talatin da ɗaya a gaban halittar da kowa ke jifa, har ka koyi jin kukan wanda ba shi da baki. Kai ne aka yi wa dariya a kan akushi ka ci abincinka ka tashi. Mai haƙurin jiran ɓera ya natsu, mai hannun da ba ya ƙarya. Irinmu da muka bar aji tun ba mu iya rubuta wasiƙa sosai ba, muka yi tashar mota, muka yi ramin zinariya, muka yi Bur Sudan, ba inda muka cika shekara, mun ɗauka ilimi na wurin masu tafiya ne. Ashe wanda ya zauna wuri ɗaya yana kallo da kyau ya riga mu isa.

Da aka kai dawar Hamid gida, ya ɗauko buhu guda a karo ya sauke a ƙofarka. Ka ce ya mayar, 'ya'yansa sun fi zomayenka buƙata. Ya tsaya yana murza hula, ya ce, "Kawu, su nawa ne? Ɓerayen."

Ka ce, "Dubu biyu da ɗari uku da sittin da ɗaya."

Ya ce, "Ashe ka ƙirga."

Ka ce, "Wa zai ƙirga in ban ƙirga ba?"

Ɗakin nan na Madani an ce ko ƙofa babu yanzu, makullinsa kuwa na nan rataye a ƙusa a ɗakinka. Ba mu da lambar girma da za mu rataya kusa da shi. Abin da muke da shi ke nan: mun gode, Allah Ya saka maka, Ya sa haƙurinka ya tarar da kai a mizani, Ya bar mana kai da Inna Talatu da jabanarta mai hucewa.

Ku kuma da kuka karanta, a kowane gari akwai mai naɗe riga ta gefe ɗaya, akwai tsohuwar da aka gaji da kukanta. In wani ya ce muku yana ciwo kuka duba ba ku ga rauni ba, kada ku yi saurin hura gawayi. Ku tsuguna, ku ɗumama hannu, ku duba yadda yake taka ƙasa.

Sunan bai canza ba, har gobe Abu Firan muke ce masa. Sai dai yanzu in ya doso majalisa, Alhaji Lukman ne ke matsawa ya ba shi tsakiyar tabarma.